Ƙarar inji lokacin tayar da mota a sanyaye

Ƙarar inji lokacin tayar da mota a sanyaye wani sauti ne mai maimaita kansa, kamar "ƙas-ƙas-ƙas", da ake ji daga ƙarƙashin bonet a daƙiƙu ko mintuna na farko bayan an tayar da injin da ya daɗe a kashe. A nan "sanyi" ba ya nufin sanyin gari kaɗai. Ana cewa inji yana a sanyaye idan ya yi sa'o'i da dama bai yi aiki ba, har zafinsa ya sauko daidai da na iskar waje, alhali zafin da yake aiki da shi yana kusa da digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas.

Wani lokaci wannan ƙara ba ta da wata illa, wani lokaci kuma ita ce alamar farko ta lalacewar da kan kai ga inji ya buga. Kanikawa suna rarrabe waɗannan biyu ta hanyar lura da abubuwa uku: tsawon lokacin da ƙarar take ɗauka kafin ta ɓace, wurin da take fitowa, da yadda take canzawa idan inji ya yi zafi ko an taka totur.

## Dalilin da ya sa ake jin ƙarar a sanyi

Abubuwa biyu ne suke bambanta inji mai sanyi da inji mai zafi.

Na farko shi ne baƙin mai. Idan aka kashe mota, yawancin baƙin man da ke saman inji yakan gangara ya koma kaskon da ke ƙasa. Da an tayar, sai famfon baƙin mai ya jawo shi, ya bi da shi ta cikin filta, sannan ya tura shi ta ƙananan hanyoyi har zuwa saman inji. Wannan tafiya takan ɗauki daƙiƙu kaɗan. Baƙin mai kuma yana ƙara kauri idan ya yi sanyi, don haka yakan yi jinkirin isa wuraren da suka fi nisa da famfon.

Na biyu shi ne ƙarfe. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, kuma ba kowane iri ne yake buɗewa daidai da ɗan uwansa ba. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Misali, fistin na alminiyam mai faɗin milimita 86 yakan ƙaru da kusan milimita 0.2 idan zafinsa ya hau da digiri 100, yayin da ramin silinda na baƙin ƙarfe mai wannan faɗi zai ƙaru da kusan milimita 0.1 kawai. Masu ƙera inji suna auna giɓin da ke tsakanin sassa ne domin ya dace a lokacin da inji ya yi zafi. Saboda haka a sanyi wasu giɓin sukan fi faɗi, sassan su riƙa bugun juna har sai sun ɗumama.

## Manyan abubuwan da ke haddasa ta

### Tafet mai aiki da baƙin mai

Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi. Kamshaf, wato sandar da ke da tudu-tudu a jikinta, ita ce take danna su su buɗe, kuma tsakaninta da bawul akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet. A injina da yawa tafet ɗin yana da ɗan rami da baƙin mai yake cikawa, matsin man ne yake toshe giɓin da ke tsakanin kamshaf da bawul. An fara amfani da wannan dabara a motar Cadillac mai silinda 16 ta shekarar 1930, a Amurka.

Idan mota ta kwana, man da ke cikin wasu tafet yakan tsiyaye, musamman waɗanda suka tsaya a ƙarƙashin matsin sifirin na bawul. Da safe sai a ji ƙara siririya mai sauri daga saman inji, wadda takan ɓace da zarar man ya sake cika su. Idan ta ɓace cikin daƙiƙu kaɗan, yawanci ba a ɗaukar ta a matsayin matsala. Idan kuwa ta kai mintuna, ko tana dawowa bayan inji ya yi zafi, to ana zargin datti ya toshe ramin tafet, ko tafet ɗin ya ci, ko matsin baƙin mai ya yi ƙasa.

### Giɓin bawul a injina masu saitin hannu

Ba kowane inji ne yake da tafet mai aiki da mai ba. Injin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da yawancin injinan Honda da na babura, ana saita giɓin bawul ɗinsu ne da hannu, ta amfani da siraran faranta na awo. Giɓin yakan kasance tsakanin kusan milimita 0.10 da 0.35, gwargwadon inji da kuma ko bawul na iska ne ko na hayaƙi. Idan ya yi faɗi fiye da kima, ana jin ƙara mai tsari ɗaya wadda ba ta ɓacewa gaba ɗaya ko da inji ya yi zafi. Idan kuma aka matse shi da yawa don a kashe ƙarar, bawul ba zai rufe sosai ba, kuma yana iya ƙonewa. Shi ya sa ƴar ƙara kaɗan a irin waɗannan injina ta fi shiru na matsewa alheri.

### Ƙarancin baƙin mai, filta da daskararren datti

Idan baƙin mai ya yi ƙasa a kasko, famfo yakan haɗa da iska, kuma saman inji ne yake fara rasa mai. Filta ma tana da hannu. A cikin yawancin filtoci akwai wata roba da ke hana man komawa kasko bayan an kashe inji. Idan robar ta taurare ko filtar ba ta da inganci, hanyoyin mai sukan wayi gari babu kome a cikinsu, sai inji ya yi daƙiƙu yana juyawa kafin man ya iso. Alamar wannan ita ce ƙarar ta fara ne daidai bayan an yi juye an canza filta.

Jinkirta juye kuma yana sa baƙin mai ya daskare ya zama kamar kwalta. Wannan dattin yana toshe ragar da ke bakin bututun da famfo yake jan mai, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin da ke kai mai ga tafet.

### Sarƙar taimin da giyar sauya lokacin bawul

Sarƙar taimin ita ce take haɗa karanshaf, babbar sandar da fistin suke juyawa, da kamshaf. Abin da ke ɗaure ta a injina da yawa yana aiki ne da matsin baƙin mai. Kafin matsin ya taru, sarƙar da ta saki takan kaɗa ta bugi makarinta, a ji "kacau-kacau" daga gefen injin da fanbel yake.

Injinan zamani kuma suna da giya a bakin kamshaf mai sauya lokacin buɗewar bawul, wadda Toyota take kira VVT-i, Honda kuma VTC. Giyar tana da ɗan ƙusa da ke kulle ta idan an kashe inji. Idan ƙusar ba ta kama ba, akan ji ƙara mai ƙarfi kamar ana niƙa ta kusan daƙiƙa biyu, sannan ta yanke lokaci ɗaya. An san wannan matsala a Honda Accord mai silinda 4 ta shekarun 2008 zuwa 2012, har kamfanin ya fitar wa kanikawansa da takardar bayani a kanta, kuma irin wannan mota tana da yawa a titunan Najeriya.

### Yoyon hayaƙi a manifol

Manifol shi ne ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silindodi ya kai shi salansa. Yana ɗaukar zafi na ɗaruruwan digiri, yana kuma hucewa kullum, don haka yana iya tsagewa, ko gasket ɗinsa ya ƙone, ko ɗaya daga cikin notocinsa ya karye. Hayaƙin da ke kuɓucewa ta wannan kafa yana yin sauti mai kama da na tafet ƙwarai. Bambancin shi ne yakan ɗauki minti ɗaya zuwa biyar kafin ya lafa, domin sai ƙarfen ya buɗe ya toshe kafar, kuma yana ƙaruwa idan mota tana jan kaya ko hawan tudu. Sau da yawa akan ga baƙin tabo na hayaƙi a wurin, a kuma ji warinsa. Fulogin da bai ɗauru sosai ba shi ma yana yin irin wannan sauti, saboda iskar silinda tana fita ta zarensa.

### Kaɗawar fistin

Idan giɓin da ke tsakanin fistin da bangon silinda ya yi yawa, fistin yakan karkata ya bugi bangon. Sautin ba siriri ba ne kamar na tafet, ya fi kama da a ƙwanƙwasa tukunyar da babu kome a ciki, kuma daga tsakiyar inji yake fitowa. Yana raguwa a hankali yayin da fistin yake ɗumama yana cika ramin. Akwai injinan da suke yin shekaru da wannan ƙara ba tare da wata illa ba. Amma idan ta haɗu da shan baƙin mai da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, alama ce ta cewa fistin, ringi ko silinda sun ci.

### Metal

Metal su ne siraran ɓawon ƙarfe da ke tsakanin karanshaf da konrod, da kuma tsakanin karanshaf da jikin inji. Siririn shimfiɗin baƙin mai ne kaɗai yake hana su gogar juna. Idan suka ci, akan ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji. Da farko ana iya jin sa na ƴan daƙiƙu da safe kafin matsin mai ya taru. Daga baya yakan fi fitowa bayan inji ya yi zafi, domin a lokacin man ya tsinke. Wannan ita ce ƙarar da ta fi kowace haɗari, domin ci gaba da tuƙi da ita yana iya sa konrod ya karye ya fasa jikin inji.

### Ƙarar da ba matsala ba ce

Nozul na fetur yana buɗewa da rufewa da lantarki, kuma yana yin ƙas-ƙas a kowane lokaci. A injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin waɗanda Mitsubishi ta fara sayarwa da sunan GDI a 1996, sautin ya fi ƙarfi, domin matsin fetur yakan kai ba 200 ko fiye, alhali a tsohon tsari bai wuce ba 3 zuwa 4 ba. Akwai kuma ɗan bawul na lantarki da ke tura tururin fetur daga tanki zuwa inji, shi ma yana ƙara mai tsari. Injin dizal kuwa a ɗabi'arsa ya fi kwaramniya a sanyi, saboda man yana jinkirin kamawa idan silinda ba ta yi zafi ba.

Ba a haɗa waɗannan da ƙarar da ake ji idan an murɗa makulli inji bai juya ba. Wannan yawanci raunin batir ne, ko kan batir ya yi datti, ko matsalar kikstata. Haka nan ƙarar da ake ji bayan an kashe mota ta salansa ce da ke hucewa.

## Yadda ake gano tushen ƙarar

Ana yin gwajin ne bayan mota ta kwana, domin da zarar inji ya ɗumama alamar takan ɓace. Shi ya sa kanikawa sukan nemi a bar musu mota ta kwana a gareji, ko mai ita ya ɗauki sautin da waya da safe. Akan bi matakai daga mafi sauƙi zuwa mafi wahala:

1. Duba baƙin mai kafin a tayar. A ajiye mota a wuri mai daidaito, a zaro gejin, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ana duba yawansa, kaurinsa, warin fetur a cikinsa, da ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe.
2. Lura da fitilar baƙin mai. Ya kamata ta mutu cikin daƙiƙu biyu ko uku. Fitilar tana kamawa ne kawai idan matsi ya faɗi ƙasa sosai, a motoci da yawa kusan rabin ba ko ƙasa da haka, don haka mutuwarta ba ta tabbatar da cewa matsin ya wadata.
3. Ƙidaya lokacin. Ƙarar da ta yanke cikin daƙiƙu biyu zuwa biyar tana nuni ga isowar baƙin mai: tafet, filta, sarƙa ko giyar kamshaf. Wadda take raguwa a hankali cikin mintuna tana nuni ga buɗewar ƙarfe: manifol ko fistin. Wadda ba ta ɓacewa tana nuni ga giɓin bawul, tafet da ya mutu, ko nozul. Wadda take ƙaruwa da zafi tana nuni ga metal ko raunin famfo.
4. Sauraren saurin ƙarar. A inji mai bugu huɗu, kamshaf tana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ta juya sau biyu. Idan inji yana juyi 1,200 a minti, kamar yadda ya saba a sanyi, kowane bawul yana buɗewa sau 600 a minti, wato sau 10 a daƙiƙa. Amma nozul ɗaya da yoyon hayaƙi na silinda ɗaya su ma da wannan saurin suke tafiya, saboda haka sauri kaɗai bai isa hujja ba.
5. Neman wurin. Ana amfani da abin sauraro irin na likita mai dogon tsinke, ko a ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji a kara kunne a mariƙinsa. Ana gwada murfin saman inji, kowane nozul, murfin sarƙa, da gefen jikin inji. Dole a nisanta hannu, hannun riga da gashi daga fanka da fanbel, domin fankar lantarki tana iya tashi ba zato.
6. Cire fanbel na ɗan lokaci. Idan ƙarar ta ɓace, to ba cikin inji take ba, tana jikin altaneta, famfon ruwa, kwamfuresar iyakwandishan ko wani fule. Ba a barin inji ya daɗe a haka, don a motoci da yawa fanbel ne yake juya famfon ruwa.
7. Kashe silinda ɗaya bayan ɗaya. Bakanike yana cire wayar nozul na kowace silinda. Idan bugun ya ragu sosai, matsalar tana fistin ko metal na wannan silinda. Ƙarar bawul ba ta canzawa da wannan gwaji.
8. Auna matsi da karanta kwamfuta. Ana ɗaura gejin matsi a gurbin na'urar da ke kunna fitilar mai, a gwada abin da ya nuna da adadin da ke littafin motar. Na'urar binciken OBD-II, wadda ta zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, tana iya nuna lambobi kamar P0011 da P0016, masu alaƙa da lokacin kamshaf, ko P0300, mai nuna cewa silinda tana tsallake wuta.

## Matsayin kaurin baƙin mai

Lambobin da ke jikin galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, suna bin ma'aunin SAE J300 ne. Lambar da ke kafin harafin W tana nuna yadda man yake gudana a sanyi: ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. Ko a safiyar da ba ta da tsananin sanyi, 20W-50 ya fi 5W-30 kauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi jinkirin ratsa ƙananan hanyoyi.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar an saba zuba mai mai kauri bisa tunanin cewa zafin gari yana tsinka shi. Wannan ya dace da tsofaffin injina masu faɗin giɓi. Amma yawancin motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka an ƙera su ne don mai mara kauri, kuma tafet ɗinsu da giyar kamshaf suna dogara da saurin isowarsa. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, zafin asuba a garuruwa kamar Jos, Kano da Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15, don haka a lokacin ne aka fi jin wannan ƙara. Ƙurar hunturu kuma tana saurin toshe filtar iska, wadda ta kutsa ciki kuma tana cin ringi da silinda. Abin da ya fi dacewa shi ne a bi kaurin da aka rubuta a littafin motar ko a murfin zuba mai, a kuma sayi man a wurin da aka amince da shi, domin akwai jabu a kasuwa.

Zuba mai mai kauri ko wani sinadari don a kashe ƙara yana iya rufe ta na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya ci.

## Lokacin da ya kamata a kashe inji nan take

Ana kashe inji ba tare da jinkiri ba idan fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa ko tana walƙiya, idan bugun mai nauyi ne daga ƙasa kuma yana bin totur, idan an ga garin ƙarfe a cikin mai, ko idan inji yana rawa yana rasa ƙarfi. A irin wannan hali jan motar zuwa gareji ya fi tuƙa ta arha, domin canza metal bai kai kuɗin sayen wani inji ba. Yoyon manifol ba ya buga inji nan da nan, amma hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, guba ce mara launi mara wari, kuma tana iya shiga cikin mota ta kafofin iska. Saboda wannan dalili ba a ɗumama mota a cikin rufaffen gareji.

## Gyara da rigakafi

Gyaran ya danganta da tushen matsalar. Ƙarancin mai, mai da bai dace ba da filta mara kyau, juye ne maganinsu. Giɓin bawul ana saita shi bisa adadin da ke littafin motar. Tafet da ya mutu, sarƙar da ta saki, giyar kamshaf da gasket na manifol ana canza su ne. Fistin da metal kuwa sai an buɗe inji an auna kafin a yanke shawara.

Ta fuskar rigakafi, ana ba da shawarar yin juye a kan lokaci tare da canza filta, da rage tazarar juye ga motar da ke aiki cikin ƙura, cunkoso ko gajerun tafiye-tafiye. Ana kuma duba gejin mai a kai a kai, musamman kafin doguwar tafiya. Bayan tayarwa ba a taka totur da ƙarfi, domin a lokacin ne sassan inji suke da ƙarancin mai. Injin zamani ba ya buƙatar a bar shi yana aiki a tsaye na dogon lokaci: ya isa a jira kamar rabin minti bayan fitilar mai ta mutu, sannan a tuƙa a hankali har allurar zafi ta hau matsayinta.